Harka da Mahalliya: Tambayoyi da Amsoshi ga Hausawan Ƙananan Garuruwan Sudan

Na yi shekaru ina zama a lajna, wato kwamitin unguwarmu, a wani ƙaramin gari da ke gaɓar kogin Bahar Azrak (Blue Nile), kuma har yau da wuya in fito sallar la'asar wani bai riƙe mini hannun riga da tambayar ofis ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ko mutum daga Maiwurno yake, ko Suki, ko Dindir, ko Hawata, ko ƙauyukan Gadarif da Kasala. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da ya fi ci mini rai, za ku kuma ga ina yawan komawa kansa, shi ne yadda mutanenmu ke raɓewa a ƙofar hukuma kamar baƙi, alhali a ƙasar nan aka binne cibiyarmu da ta iyayenmu.

Mece ce mahalliya, kuma wa ke riƙe da ita?

Mahalliya ita ce ƙaramar hukuma. Sudan tana da wilaya, wato jiha, 18, kowace wilaya an kasa ta mahalliyoyi, kowace mahalliya kuma an kasa ta wahda idariyya, wato ƙaramin ofishin da ke kula da gari ɗaya ko gungun ƙauyuka. A zamanin Bashir mu'utamad ne ke riƙe da mahalliya, ɗan siyasa ne da ake naɗawa daga sama. Bayan sauyin 2019 riƙon ya koma hannun mudir tanfizi, wanda ma'aikacin gwamnati ne. Amma yawancin buƙatunka ba sa kaiwa teburinsa. Mutumin da ya kamata ka san fuskarsa shi ne dabit idari, wato jami'in mulki na wahdarku, domin a hannunsa takardun kasuwa da na unguwa ke bi.

Wane aiki ne na mahalliya, wane ne ba nata ba?

Nata su ne kasuwa da rumfunanta, kwashe shara, lasisin sana'a, mahauta, duba tsabtar abinci, magudanan ruwa, da kula da makarantun firamare da ƙananan cibiyoyin lafiya. Raƙam watani (lambar ɗan ƙasa) da fasfo ba nata ba ne, na 'yan sanda ne a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Rajistar fili tana ƙarƙashin ɓangaren shari'a, awo da tsara gari kuma aikin wilaya ne. Wuta ta kamfani ce, zakka ta Diwan ce, wato hukumar zakka. Rabin wahalar da mutane ke sha ta kuskuren ƙofa ce: mutum ya wuni a layi da azumi a bakinsa, sai azahar a ce masa ba nan ba ne. Kafin ka biya kuɗin raksha (keke mai ƙafa uku), tambayi ɗan lajna ko wace ƙofa ce taka.

Mene ne amfanin lajnar unguwa?

A da ana kiranta lajna sha'abiyya, bayan 2019 aka koma lajnar sauyi da hidimomi, a wasu wuraren kuma yaƙi ya sa an kafa kwamitocin riƙo. Suna ya sauya, aikin bai sauya ba. Ita ce ke ba da shahadat sakan, takardar da ke shaida cewa wane yana zaune a unguwa kaza. Da wannan 'yar takarda ake buɗe ƙofofi da yawa: neman fili, sa yaro a makaranta, shiga jerin masu karɓar tallafi. Lajna ce kuma ke rubuta sunayen gidaje idan za a raba wani abu.

Don haka unguwar da ba ta da mutum nata a lajna, kullum sai labari take ji. Ranar da aka kira taron zaɓen lajna ku fito, maza da mata, ku sa wanda ya iya karatu da rubutun Larabci kuma yake jin tsoron Allah. Ba aikin albashi ba ne, aikin gajiya ne da shan zagi, amma in mutanen kirki suka guje shi, waɗanda ba na kirki ba ne za su ɗauka.

To ina matsayin sarki, omda da shehun unguwa?

Su ne ake kira idara ahliyya, wato sarautar gargajiya da gwamnati ta amince da ita. Gwamnatin Numairi ta rushe ta a farkon shekarun 1970, daga baya aka dawo da ita domin an ga babu abin da ya maye gurbinta a sulhu da sanin mutane. A Maiwurno akwai gidan sarauta tun daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya wanda Turawan Ingila suka kashe a Burmi a 1903. A sauran wurare omda ne, mai kula da gungun ƙauyuka, ko shehi, mai ƙauye ko unguwa. Ba su ba da lasisi, ba su yin rajistar fili, amma shaidarsu tana da nauyi a maganar asali, iyakar gona da rikicin manoma da makiyaya. Wanda ya ga abin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022, inda taƙaddamar sarauta da ƙasa ta ci rayuka masu yawa, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yaya ake samun raƙam watani, kuma me ya sa yake yi wa Hausawa wuya?

Raƙam watani lambar ɗan ƙasa ce da ofishin sijil madani, mai rajistar jama'a, ke bayarwa tun 2011. In babu ita babu fasfo, babu asusun banki, babu Bankak, manhajar tura kuɗi, a wayarka, yaro kuma ba zai zauna jarrabawar shahada ta kammala sakandare ba. Wanda mahaifinsa ke da lamba, nasa mai sauƙi ne: takardar haihuwa da lambar uba, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Wanda ubansa ya rasu ba takarda, sai ya kawo shaida daga dangin uba, kamar ƙanin mahaifi ko ɗan'uwa mai lamba ko tsohuwar jinsiyya (takardar shaidar zama ɗan ƙasa), sau da yawa a haɗa da shaidar omda ko sarki.

Wuyar tana da tarihi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗi a kan cewa kakannin mutum suna zaune a Sudan tun 1897, wannan kuwa ya bar da yawa daga waɗanda suka zo bayan Burmi, ko suka tsaya a hanyar hajji, a waje, duk da cewa da guminsu aka gina madatsar Sinnar da aka gama a 1925, da hannunsu aka tsinci audugar Jazira. Dokar 1994 ta dawo da sharaɗin zuwa 1 ga Janairun 1956, tsarin mulkin 2005 kuma ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin zama ɗan ƙasa. Doka ta sauya, amma tsoron da tsohuwar doka ta shuka bai fita daga zukatan dattawanmu ba, haka ma zargin bai fita daga zukatan wasu ma'aikata ba.

Shawarata ita ce a fara da babba a gida. In kaka yana raye, a kai shi yau, ko a karo (amalanke) ne, domin lambarsa ita ce tsanin da 'ya'ya da jikoki za su taka. A tabbatar an rubuta suna huɗu iri ɗaya a takardun kowa. Na ga 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, an rubuta wa ɗaya Abubakar, ɗayan Babikir a sunan kaka, gyaran ya ɗauke su watanni. Kada kuma a ari uban wani don neman sauƙi. Ranar rabon gado ƙaryar za ta fito, duba amsar gado a ƙasa.

An haifi yarona a gida, ba shi da takardar haihuwa. Me zan yi?

In ungozoma mai rajista ce ta karɓi haihuwar, tana da littafi, daga littafinta ake fitar da shahadat milad. In an daɗe ba a rubuta ba, sai a bi hanyar tasnin, likitocin hukuma su ƙiyasta shekarun yaro. Shi ya sa za ka ga rabin tsarar iyayenmu ranar haihuwarsu 1 ga Janairu ce. Za a nemi ƙasima, takardar auren da ma'azun, mai ɗaura aure na hukuma, ke bayarwa. Auren da aka ɗaura da Fatiha a masallaci ba a kira ma'azun ba, aure ne a addini, amma ofis bai san da shi ba sai an je kotu an tabbatar da shi. Iyayen amarya, ku nemi ƙasima tun ranar ɗaurin aure. Mace ce ke shan wuyar rashinta idan miji ya rasu ko ya yi nisa.

Ta yaya zan san kuɗin da aka karɓa a hannuna ya shiga asusun hukuma?

Da rasit. Rasit ɗin kuɗin gwamnati a Sudan sunansa Ornik 15, tun 2015 kuma aka fara fitar da shi ta na'ura. Yana ɗauke da lamba, sunanka, adadin kuɗi da dalilin biya. Duk abin da ba shi ba, ba rasit ba ne.

Wata dattijuwa a unguwarmu tana sayar da godogodo a bakin kasuwa. Wata rana ta zo mini da wata takarda a ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Malam, karanta mini, na biya amma yau wani ya zo ya ce ban biya ba." Na warware, sai na ga fallen littafin makaranta ne da aka yaga, an rubuta adadi da biro, babu hatimi, babu suna. Na ce, "Inna, wa ya ba ki wannan?" Ta ce, "Wani yaro ne mai jaka, ya ce daga ofis yake." Ribar kwana uku ce ta tafi. Na raka ta muka biya na gaskiya, ta karɓi Ornik, ta sa shi a gwangwanin madara tare da katin lafiyarta. Tun ranar in mai karɓa ya tsaya a kanta sai ta ce, "Ɗana, ina na'urarka?" Wannan tambayar ba rashin kunya ba ce, haƙƙinki ne, ma'aikacin gaskiya kuma ba ya jin haushinta.

Waɗanne kuɗaɗe ne mahalliya ke karɓa?

Awayid shi ne harajin gida ko shago na shekara. Nifayat kuɗin shara ne. Akwai kuɗin lasisi, hayar rumfa, kuɗin yanka a mahauta, harajin garke wanda kakanninmu ke kira jangali, da abin da ake karɓa a kan amfanin gona a kasuwar hatsi, wanda tsofaffi suka sani da gibana. Adadin ya bambanta daga mahalliya zuwa mahalliya, yana kuma sauyawa da kasafin kowace shekara, don haka ka nemi a nuna maka jadawalin shekarar da ake ciki. In adadin ya fi ƙarfinka, rubuta takardar neman ragi ko biya kashi-kashi. Ana yi, amma sai ga wanda ya nema a rubuce.

Ina son buɗe shago ko gidan burodi. Daga ina zan fara?

Daga wahda idariyya. Ka tafi da raƙam watani, takardar haya ko ta mallakar wurin, da buƙata a rubuce. Jami'in lafiya zai zo ya duba wurin in sana'ar ta shafi abinci, a wasu sana'o'in kuma sai 'yan kwana-kwana sun duba. Daga nan ka biya, a ba ka ruksa, wato lasisi, wadda ake sabuntawa duk shekara. Ofishin haraji da Diwan na zakka kowa da nasa fayil daban, biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Ruksa ta fito da sunan mai shagon na gaskiya. Mutanenmu suna da al'adar buɗe shago da sunan aboki "kafin takarduna su fito", shekara goma ta wuce, abokin ya rasu, magadansa su ce shagon babansu ne.

Mai shayi, mai agashe da mai tebur a bakin titi, su ma sai da takarda?

Sai da ita. Mai sayar da abin ci ko sha yana buƙatar kart sihhi, katin da ake bayarwa bayan gwajin lafiya, da izinin wurin zama. Waɗannan biyun su ne garkuwarki ranar kasha, ranar da mota ke zagayawa tana kwashe kujeru, murhu da butoci. In an kwashe kayanki, kada ki bi motar kina kuka, kada kuma ki ba kowa kuɗi a bayan gini. Ki tambayi inda aka kai su, ki sa a rubuta abin da aka ɗauka, in akwai tara ki biya da Ornik 15 kamar yadda na faɗa a amsar rasit. Mata masu shayi da suka haɗa ƙungiya suna da wakiliya, an fi sauraronsu nesa ba kusa ba a kan wadda ta je ita kaɗai.

Mun shekara arba'in a gidanmu. Ba namu ba ne ke nan?

A idon unguwa naku ne. A idon doka kuwa, sai abin da rajista ta ce. Dokar 1970 ta mai da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, dokar mu'amalat ta 1984 kuma ta amince da amfanin wanda ke zaune ko yake noma, amma amfani daban, mallaka daban. Takardu iri biyu ne ake rikita su. Hiyaza shaida ce cewa wurin yana hannunka. Shahadat bahas kuwa ita ce ke fitowa daga ofishin rajistar filaye, da lambar fili da lambar murabba'i (shiyyar unguwa) da sunan mai shi. Ita ce banki ke karɓa, ita ce kotu ke dubawa.

Akwai na uku da ya fi yawa a gidajenmu: takardar ciniki da malamin unguwa ya rubuta da shaidu biyu. Ku adana ta, tana da amfani, amma ba ta hana titi bi ta tsakar gida ranar da masu awo suka zo tsara unguwa. A irin wannan rana ana duba wanda ke da hujjar daɗewa: hiyaza, shahadat sakan, tsofaffin rasit na awayid da sunansa. Abin da mutum ke gudun biya shekara da shekaru, shi ne ke zama shaidarsa. Wanda zai sayi fili kuma, kada ya ba da ko jine ɗaya sai ya ga sabuwar shahadat bahas da aka fitar don sayarwa, ya kuma je wurin da mai awo ya nuna masa kusurwa huɗu. Gonakin jaruf na bakin kogi da bildat na damina su ma haka, iyakarsu ta kasance a rubuce da shaidar shehi.

Mahaifinmu ya rasu. Yaya za a mai da gidan sunanmu?

A fitar da takardar mutuwa, a je kotun shari'a a fitar da i'ilam shar'i, wanda ke lissafa magada duka. Da shi ake sauya suna a rajista. Kada a ɓoye 'ya mace ko ɗan wata matar. Haramun ne, kuma yana rushe takardar duk ranar da aka gano.

Wa zan kai wa kukan ruwa da wuta?

Ruwan famfo na hukumar ruwa ta wilaya ne, a garuruwa da yawa kuma ana cire kuɗinsa ne lokacin da ka sayi wutar mita, wadda mutane suka laƙaba wa jamra. A ƙauyuka da gefen gari donki ne, wato rijiya mai inji, ko sahrij, wato tankin ruwa, galibi da kwamitin gari mai karɓar kuɗin jarka don sayen gas da gyaran injin. Inda aka sa faranti masu aiki da hasken rana, wahalar gas ta ragu ƙwarai. Ku nemi kwamitin ya riƙa karanta lissafi a masallaci duk wata, domin donkin da ba a lissafinsa, ranar da injin ya ƙone asusu wayam ake tarar da shi.

Damina ta kusa, magudanarmu a toshe. Mu jira mahalliya?

Ku rubuta mata tun watan Mayu, ku nemi motar haƙa da ta kwasar shara, amma kada ku zauna jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da maƙwabtanmu ke kira nafir shi ne gayyarmu: a sa rana, matasa su fito da shebur da buhuna, mata su dafa shayi da asida. Kwalarar da ta ɓarke a Kasala da Gadarif a daminar 2024 ta nuna mana abin da ruwa mai kwanciya da gurɓataccen ruwan sha ke yi. Ƙwayar kulorin da jami'an lafiya ke rabawa a sa ta a randa da gangar mai karo, ba a ajiye ta a kan taga ba.

Yaya marar ƙarfi zai sami katin ta'amin (inshorar lafiya) ko taimakon zakka?

Inshorar lafiya ta ƙasa a Sinnar aka fara ta a 1995. Mai kati yana ganin likita a cibiyar da aka ɗora shi, ya biya kashi 25 cikin ɗari na kuɗin magani. Ma'aikaci ana cira daga albashinsa, mai sana'a yana iya shiga da kansa, iyalai marasa ƙarfi kuma Diwan na zakka ko gwamnati ke biya musu. Sunayen suna tashi ne daga kwamitin zakka na unguwa, don haka komawa amsar lajna. Manomanmu suna fitar da ushurin dawa da riɗi duk kaka. Babu abin kunya in gwauruwa ko maraya daga cikinmu ya nemi rabonsa.

Takarduna sun ɓace a gudun hijira. Shi ke nan?

A'a. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan da ya kai Wad Madani a ƙarshen shekarar da Sinja a tsakiyar 2024, dubban mutane sun fita da kayan jikinsu kawai. Raƙam watani yana cikin kwamfuta, ana iya sake fitar da shi a wata wilayar. In ka tuna lambar ko kana da hotonta a waya, aikin ya fi sauri. Ka fara da kai rahoton ɓata ga 'yan sanda, domin takardar da za su ba ka ita ake nema kafin a fitar da madadi. Wanda ya koma gida ya tarar da wani a ciki, kada ya ɗauki doka a hannu, ya tafi da shehi da shaidu da duk abin da ya rage na rasit. Waɗanda takardunsu ke hannu kuma, ba a fafe gora ranar tafiya: yau ku ɗauki hoton kowace, ku tura wa ɗan'uwa a wani gari ta WhatsApp.

Na kai kuka sau uku ba a yi komai ba. Ina zan nufa?

Da baki ka kai ko a rubuce? Kukan baki yana fita tare da kai. Rubuta arida, wato takardar koke, da Larabci, in ba ka iya ba akwai masu rubutu a ƙofar kotu da ofisoshi, da teburinsu a inuwar bishiya. Ta zama gajera: wane ne kai, me ya faru, yaushe, me kake nema. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan. Ka tambayi ranar da za ka dawo, ka kuma dawo da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. In dabit idari bai motsa ba, ka haura wurin mudir tanfizi da kwafinka mai hatimi, daga nan sai ofishin wali, gwamnan wilaya. In matsalar ta unguwa ce, kamar shara ko makarantar da rufinta ya yaye, a tara sa hannun gidaje, a tafi mutum biyar ko shida, da liman, da ɗan lajna, da mace aƙalla ɗaya wadda ita ce ke ɗebo ruwan ko take raka yaran. Ku je da safe kafin ma'aikata su tashi karin kumallo, kuma kowa ya riƙe raƙam watani nasa a aljihu.